Sauya Inji da Giyabos a Tsohuwar Mota: Darasin Kimiyya a Gareji

Gabatarwa

A kowane babban gari na ƙasar Hausa akwai tsofaffin motoci da jikinsu ke da sauran ƙwari, amma injinsu ya gaji, yana shan baƙin mai yana fitar da hayaƙi. Mai irin wannan mota yakan nufi Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya sayo wani inji da aka ciro daga wata mota, a ɗora masa. Wasu kuma, masu sha'awar aikin hannu, a gida suke yin wannan aiki da taimakon bakanike. Abin da wannan darasi zai nuna shi ne, inji ba ya aiki shi kaɗai. An auna shi ne tare da giyabos da aksul da lagireto da birki, kuma duk wanda ya sauya ɗaya daga cikinsu ba tare da lissafi ba, ya taɓa sauran ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Za mu ɗauki Peugeot 504 a matsayin misali. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya shafe shekaru masu yawa yana fitar da ita. Injinta yana gaba, a miƙe, tayoyin baya ne kuma ke tura ta. An yi ta da injin fetur mai silinda huɗu, mai girman sisi 1,971, an kuma yi ta da injin dizal mai sisi 2,304. Ba ta da kwamfuta mai sarrafa inji irin ta motocin yanzu, saboda haka ɗalibi yana iya ganin aikin kowane sashe da idonsa.

Me ya sa mota ke buƙatar giya?

Inji yana ba da ƙarfi ne ta hanyar murɗa sanda. Ana kiran wannan ƙarfin murɗawa, kuma duk wanda ya taɓa kwance noti da sifana ya san shi: idan sifana ta yi tsawo, kwancewar takan yi sauƙi, domin ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin hannu sau tsawon sifana. Matsalar inji ita ce, yana juyi da sauri ƙwarai, sau dubbai a minti ɗaya, amma murɗawarsa ba ta isa ta tayar da mota daga tsaye ba.

Giya ce ke warware wannan matsala. A ɗauka ƙaramar giya mai haƙora 20 tana juya babba mai haƙora 40. Sai ƙaramar ta yi juyi biyu kafin babbar ta yi ɗaya. Sauri ya ragu da rabi, amma ƙarfin murɗawa ya ninka biyu. Wannan shi ake kira rabon juyi na 2 zuwa 1. Giya ba ta ƙirƙirar ƙarfi; musanya kawai take yi tsakanin sauri da murɗawa, kamar yadda mai keke yake sauya giya idan ya zo hawan tudu.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Bari mu yi amfani da alƙaluma masu sauƙi domin misali. A ce inji yana juyi 3,000 a minti, mota tana giya ta huɗu, wadda rabonta 1 zuwa 1 ne. Farfela za ta yi juyi 3,000 ita ma. A ce giyar da ke cikin aksul na baya tana da rabon 4 zuwa 1. Taya za ta yi juyi 750 a minti. Idan kewayen taya mita 2 ne, motar za ta ci mita 1,500 a minti, wato kilomita 90 a awa.

To, ga inda sauya inji ke shigowa. Injin fetur irin na 504 yana iya wuce juyi 5,000 a minti, amma tsohon injin dizal bai cika wuce 4,500 ba, kuma ya fi ba da murɗawarsa yana juyi a hankali. Idan aka ɗora dizal aka bar rabon da aka auna wa fetur, a kan babbar hanya injin zai riƙa aiki kusa da iyakarsa, yana ƙara yana ɗaukar zafi. Idan kuwa aka sa aksul mai rabon 3.6 zuwa 1, juyi 3,000 ɗin nan zai ba da kimanin kilomita 100 a awa, sai dai motar za ta ɗan rage kuzari wajen tashi da kaya. Kowane zaɓi yana da riba da hasara, kuma gara a gano su a kan takarda kafin a kashe kuɗi.

Haɗa inji da giyabos

Tsakanin inji da giyabos akwai kuloci, wanda ke haɗa su ko ya raba su. Kafin su yi aiki tare, wajibi ne ramukan kusoshinsu su dace, tsawon sandar giyabos ya yi daidai, tsagin da ke bakinta kuma ya shiga cikin na faifan kuloci. Haka nan dole sandar inji da ta giyabos su kasance a kan layi ɗaya. Karkata ko da ta ƙasa da milimita ɗaya tana iya cinye boris, ta kuma lalata kuloci cikin ɗan lokaci. Shi ya sa sauya inji da ɗan'uwansa na gida ɗaya ya fi sauƙi. Alal misali, Peugeot 505, wadda ta fito a 1979, ta gaji injin fetur mai sisi 1,971 daga 504. Wanda kuwa zai ɗauko injin wani kamfani daban, ya fi masa alheri ya ɗauko shi tare da giyabos ɗinsa, sa'annan ya shirya gyara kujerun inji da tsawon farfela.

Zafi da wuta

Kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na makamashin mai, ko ƙasa da haka, ke zama motsi. Sauran yana fita ne a matsayin zafi, wani ta salansa, wani ta lagireto. Inji mafi ƙarfi ya fi ƙona mai idan an matsa masa, don haka ya fi fitar da zafi. Lagireton da ya wadatar da tsohon inji yana iya gazawa, musamman a zafin bazara.

Dizal kuma ba ya amfani da fulogi mai tartsatsi. Yana matse iska ne kusan ninki 20 ko fiye, har ta yi zafin da zai kunna mai, alhali injin fetur na wancan zamani yana matse ta kimanin ninki 8 zuwa 9. Juya irin wannan inji yana buƙatar sitata mai ƙarfi da babban batir da wayoyi masu kauri.

Birki: inda ake rasa rai

A nan ne kuskure ya fi muni. A yawancin motoci akwai wata tukunya a bayan fedar birki wadda ke ninka ƙarfin ƙafar direba. Tana aiki ne da zuƙar iska da injin fetur ke haifarwa a bayan ƙofar totur. Tsohon injin dizal ba shi da wannan ƙofa, saboda haka ba ya samar da zuƙar, sai an haɗa masa famfo na musamman. Wanda ya ɗora dizal ya manta da wannan famfo zai tarar da feda ta ƙage, motar kuma ba ta tsayawa a inda ya zata.

Bugu da ƙari, makamashin motsi yana ƙaruwa ne da ninkin sauri sau kansa. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da makamashi ninki huɗu na wadda ke gudun 60, kuma birki ne zai mai da shi duka zafi. Ƙara wa mota ƙarfi ba tare da duba birki da tayoyi ba, ganganci ne da rayukan fasinjoji.

Kiyaye kai wajen aiki

Inji irin wannan ya haura kilo 100 nesa ba kusa ba. A ɗaga shi da sarƙa da ƙugiya masu ƙwari, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A cire wayar batir kafin a fara, a nisanta wuta daga fetur, a kuma tara tsohon baƙin mai a jarka maimakon zubar da shi a kwata, domin yana gurɓata ruwan rijiya. Daga ƙarshe, kowane inji yana da lambarsa. A karɓi rasit daga mai sayarwa, a kuma je ofishin rajistar motoci a gyara takardu.

Kammalawa

Mun ga cewa kafin a taɓa sifana, akwai tambayoyi huɗu: shin injin zai haɗu da giyabos, rabon juyi ya dace da shi, lagireto zai iya da zafinsa, birki kuma zai iya tsayar da motar? Malamai suna iya kai ɗalibai gareji mafi kusa su ƙirga haƙoran giya da hannunsu, domin gani ya kori ji.

Tambayoyi domin nazari

1. Giya mai haƙora 15 tana juya wata mai haƙora 45. Mene ne rabon juyinsu, kuma me zai faru da ƙarfin murɗawa?

2. Inji yana juyi 2,400 a minti, giyabos 1 zuwa 1, aksul 4 zuwa 1, kewayen taya mita 2. Kilomita nawa motar ke yi a awa?

3. Bayyana dalilin da ya sa birki ke iya ƙagewa bayan an sauya injin fetur da na dizal.