Darasin Kimiyya: Ciwon Damuwa ga Mai Juna Biyu

Ɗalibai, yau za mu duba ciwon damuwa da ke kama mace tana ɗauke da ciki. Ku fara rubuta wannan: larura ce ta ƙwaƙwalwa, ana gano ta, ana kuma maganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwo, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kai kashi 15.6. In muka yi lissafi da adadin ƙasashe masu tasowa, cikin mata 20 da ke jere kan benci ranar awo a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, uku na iya kasancewa cikin wannan hali.

Me ke jawo shi? Da zarar ciki ya kankama, mabiyya takan riƙa zuba sinadaran istirojin da furojestaron cikin jini, su ninka sau da yawa. Kotizol, sinadarin da jiki ke saki in hankali ya tashi, shi ma yana hawa har watannin ƙarshe. Waɗannan sauye-sauye suna taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita barci da walwala. To amma kowace mai ciki sinadaranta suna hawa, ba kowace ke kamuwa ba. Nan ne halin rayuwa ke shigowa. Wadda ta taɓa yin ciwon a baya ta fi kowa haɗari. Sai wadda ta yi ɓari ko ta binne jariri, da wadda ta yi kwanika, ga goyo ga ciki, da wadda miji ke duka ko ya bar ta ba cefane, da yarinyar da aka kai aure nesa da danginta.

Yanzu mu zo wurin da ya fi wuya, wato bambanta shi da laulayi. Kasala, ƙin abinci da rashin barci duk mai ciki na iya yinsu. A zafin watan Afrilu nan Sakkwato, ma'auni ya haura 40, wa ma ke barcin kirki? Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro su ma suna kawo kasala, don haka a gwada jini tukuna. Abin da ke nuna ciwon damuwa shi ne ƙuncin zuciya kusan kullum har mako biyu ko fiye, da fitar sha'awar abin da a da ake so. Matar da ba a biki ko suna ba ita, yanzu ko lalle ba ta sawa, ta ja labule ta kwanta. Tana kuka ba dalili, tana ganin kanta ba ta da amfani, wani lokaci tana jin gara ta mutu.

Ba za ta faɗa muku haka kai tsaye ba. Mai cikin fari ko sunan cikin ba ta ambata saboda kunya. Ka ce mata "Ya jiki?" ta sunkuyar da kai ta ce "Lahiya lau." In ta koka, ciwon kai za ta ce, ko faɗuwar gaba. A gida kuma a ce mata ta yi haƙuri, kowa da haka ta haihu, wasu su ce iska ce. A ganina, ma'aikacin da ya auna hawan jini da girman ciki ya sallame ta bai gama awo ba.

Akwai abin aiki. A 1987 John Cox da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin Edinbura, tambayoyi 10 kan yadda mace ta ji cikin kwana bakwai da suka wuce, makinsa duka 30. Don masu jego aka tsara shi, amma ana amfani da shi ga masu ciki. Tacewa kawai yake yi, likita ke tabbatarwa. A yi tambayoyin a keɓe, ba gaban uwar miji ba.

In aka bar ciwon, mace takan daina zuwa awo da shan maganin ƙarin jini, haɗarin haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi ya ƙaru, ciwon kuma ya bi ta har jego.

Magani hawa-hawa ne. In bai yi tsanani ba, zaman tattaunawa da wanda aka horar yana aiki. An gwada haka a ƙauyukan Rawalfindi a Pakistan da ma'aikatan lafiya mata na unguwa, sakamakon ya fito a 2008, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da tsarin littafin jagora a 2015. A jawo miji cikin maganar, a rage mata aikin gida, addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti. In ya tsananta, likita na iya rubuta ƙwaya irin su satiralin bayan ya auna amfani da illa. Wadda ke shan magani tun kafin ciki kada ta yanke shi da kanta. Wadda kuwa ta ambaci kashe kanta, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a ranar.