Darasi: Yadda Ake Gane Sabbin Agogunan Nutso Na Japan Kafin A Zuba Kuɗi

Agogon nutso agogon hannu ne da aka ƙera domin masu shiga ƙarƙashin teku, amma yawancin masu sayensa a duniya ba su taɓa nutso ba. Haka abin yake a Dambatta, Bichi, Makoɗa, Kunchi da Bagwai, inda babu teku, sai madatsun ruwa irin su Thomas da Watari, da gonakin rani, da ƙurar hunturu, da alwala sau biyar a rana. Abin da ke kashe agogo a waɗannan yankuna shi ne ruwa da ƙura da buguwa, kuma su ne ainihin abubuwan da aka yi agogon nutso ya jure. Sai dai tsadarsa da yawan jabunsa sun sa dole mai saye ya san abin da zai duba.

Daga ina aka faro

Kamfanin Seiko ne ya fitar da agogon nutso na farko a Japan a 1965, wanda masoya agogo ke kira 62MAS, mai jure zurfin mita 150. A 1975 ya fito da wani mai jure mita 600 da aka yi wa laƙabi da Tuna, saboda kamarsa da gwangwanin kifi. A 1996 aka samu SKX007, mai sauƙin kuɗi, wanda ya karaɗe duniya kafin a daina ƙera shi.

Sababbin da ake magana a kansu yanzu jikokin waɗannan ne. A 2024 Seiko ya fitar da SPB453 a jerin Prospex, mai siffar na 1965, faɗinsa milimita 40, yana jure mita 300, injinsa 6R55 yana aiki awa 72 ko an ajiye shi. Farashinsa ya haura dala 1,000. Citizen ya fitar da NB6021 a 2022, jikinsa na ƙarfen titaniyam marar nauyi, da inji mai lamba 9051 mai jure maganaɗisu sosai. A ƙasa da su akwai Seiko Turtle da Samurai, da Citizen NY0040, da Orient Kamasu mai gilashin safaya, waɗanda kuɗinsu bai kai rabin na SPB453 ba.

Me ake nufi da otomatik

Agogon otomatik ba shi da batir. A cikinsa akwai sifirin a naɗe, da wani ƙarfe mai nauyi mai siffar rabin faifai. Duk lokacin da hannu ya motsa, ƙarfen ya juya, sai ya yi wa sifirin wani. Sifirin kuma yana sakin ƙarfinsa a hankali yana tura tsinkayen agogon. Tsofaffin Seiko 5 da alhazai suka riƙa kawowa tsarabar Makka haka suke aiki, shi ya sa ake girgiza su idan sun kwana biyu a ajiye.

Injin 4R36 da ke cikin Turtle yana riƙe wani na kusan awa 41, na Kamasu kuma kusan awa 40. Wato wanda ya cire agogonsa da yammacin Alhamis, zai tarar ya tsaya ranar Asabar.

Akwai gaskiyar da masu talla ba su cika faɗa ba: otomatik bai kai na batir daidaito ba. Seiko da kansa ya ce 4R36 na iya yin gaba da daƙiƙa 45 ko baya da daƙiƙa 35 a rana. A mako guda hakan na iya kaiwa minti biyar. Casio F-91W da ake samu a kowace kasuwar ƙauye kuwa, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Don haka mai dogara da agogonsa wajen sahur da buɗa baki sai ya riƙa daidaita shi da waya duk mako.

Rubutun da ke fuskar agogo

Nan ne aka fi yaudarar masu saye. Agogon da aka rubuta wa 30M ba ya nufin za a iya shiga zurfin mita 30 da shi. Fantsamar ruwa kawai yake jurewa. Mai 50M zai ɗauki alwala da yayyafi. Mai 100M ana iya iyo da shi. Agogon nutso na haƙiƙa shi ne wanda ya cika ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6425, kuma ana rubuta masa Diver's tare da zurfin, misali Diver's 200m.

Ƙa'idar ta ce dole ya jure aƙalla mita 100, a gwada shi da matsin ruwa da ya ɗara wanda aka rubuta da kashi 25 cikin 100, a iya karanta shi a duhu daga nisan santimita 25, ya jure ruwan gishiri da buguwa da maganaɗisu. Turtle da NY0040 suna ɗauke da wannan rubutu. Sabon Seiko 5 Sports kuwa, duk da kamarsa da SKX007, mita 100 ne, kuma maɓallinsa ba na ɗaurewa ba ne. Agogo ne mai kyau, amma bai kamata a biya masa kuɗin na nutso ba.

Maɓallin wani da zoben minti

Ƙofar da ruwa ya fi shiga ita ce maɓallin da ake saita lokaci da shi. A agogon nutso ana murɗa shi a ɗaure kamar noti, ya danne zoben roba da ke ciki. Masunci a Thomas ko mai ban ruwan tumatir a Watari da ya manta bai ɗaure shi ba bayan saiti, ya mayar da agogon mita 200 kamar na 30. Alamar ɓarna ita ce raɓa a cikin gilashi. Idan aka gan ta, a gaggauta kai shi wurin mai gyara kafin tsatsa ta kama inji.

Zoben da ke kewaye da gilashi yana da lambobi har 60, kuma gefe ɗaya kawai yake juyawa, wato saɓanin tafiyar tsinkaye. Dalili shi ne idan ya bugu ya goce, zai nuna lokacin da aka ɓata ya fi yawa, mai nutso ya fito da wuri maimakon ya makara iskarsa ta ƙare. Amfani da shi ba wuya: a juya alamar zoben ta daidaita da tsinken minti, daga nan duk inda tsinken ya nuna a kan zobe, mintocin da suka wuce ke nan. Manomin da ya ɗauki hayar injin ban ruwa, ko masu karɓa-karɓar ruwa a layi ɗaya, za su iya ƙirga rabonsu da shi ba tare da fito da waya da jiƙaƙƙen hannu ba.

Yadda ake gane jabu

Kasuwanni irin Sabon Gari a Kano suna da na asali, suna da na bogi, kuma sau da yawa suna zaune a gilashi ɗaya. A duba waɗannan:

1. Tsinken daƙiƙa. Waɗannan injuna suna bugawa sau 21,600 a awa ko fiye, wato aƙalla sau shida a daƙiƙa, don haka tsinken yana tafiya kamar yana sulɓi. Idan yana tsalle sau ɗaya a daƙiƙa, na batir ne.
2. Lambar inji. Seiko na rubuta ta a bayan agogo da kuma can ƙasan fuskarsa. Idan baya ya ce 4R36 fuska ta ce wani abu dabam, an yi haɗe-haɗe.
3. Haske. A haska shi da tocila a rufe shi da tafin hannu. Na asali yana ci da ƙarfi kuma yana daɗewa, tsinkaye da alamomi launinsu ya dace.
4. Zobe. Ya riƙa ƙara ƙas-ƙas, kada ya koma baya.
5. Farashi. Araha ba ta ado. Sabon Prospex a kuɗin Casio jabu ne.

Kulawa

Kada a ajiye shi kan lasifika ko kusa da maganaɗisun jakar waya, domin yana sa agogo gudu. A cire shi lokacin faskare, huɗa da aiki a injin niƙa. A ɗauraye shi da ruwa mai tsabta bayan shiga laka. Kada a bari a buɗe bayansa a fili cikin ƙura, kuma duk wanda ya buɗe ya duba zoben roba, don yana bushewa da zafi da shekaru.

Wa ya kamata ya saya

Mai son lokaci daidai da juriyar ruwa a kuɗi kaɗan, Casio MDV-106 mai batir da mita 200 ya ishe shi, ko Citizen Eco-Drive mai caji da hasken rana. Otomatik na wanda ke sha'awar inji ne, mai son abin da za a iya gyarawa har ɗansa ya gada. Irin wannan mutum gara ya fara da Turtle ko Kamasu, ya tabbatar akwai mai gyaran da ya san injin a kusa, kafin ya sayar da buhunan gero ya nufi Prospex mai tsada.