Amsar Tambaya: Iyakwandishan Mai Shan Gas

Tambaya: Malam, iyakwandishan ɗin shagona a unguwar New Bell ta Douala ya daina sanyi. Kullum mai gyara sai ya ƙara gas, yanzu kuma yana son yarjejeniyar shekara. In sa hannu?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Gas ba ya ƙarewa sai in bututu na yoyo. A nemo wurin a liƙe. Damshin Douala yakan toshe bututun ruwa, ƙura kuma ta toshe matatar iska. Wankinta duk mako biyu ko yaron shago zai iya. In za ku ƙulla, a rubuta: zuwa nawa a shekara, wa zai sayi kayan gyara, cikin awa nawa zai iso. Kada ka biya kuɗin shekara dunƙule, ka riƙa biya bayan kowane zuwa.