Amsoshin Tambayoyinku: In Allah Ne Mai Iko Duka, Me Ya Sa Ya Bari?

Wata mai sauraro daga Kafanchan ta ce mijinta ya rasu, ga ɗanta kwance ba lafiya. Tana tambaya: me ya sa Allah ya bari, ko wani zunubi ta yi?

'Yar'uwa, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kada ki ɗora wa kanki laifi. Abokan Ayuba uku sun dage cewa zunubinsa ne ya jawo masa masifa, amma a sura ta 42 ta littafin Ayuba su Allah ya tsawata wa. Da Allah ya yi magana daga sura ta 38 kuwa, bai gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Ikonsa bisa dukan halitta ya nuna masa, zuciyar Ayuba ta kwanta a kan wannan. Yusufu ya gane ma'anar tasa wahalar, amma sai bayan fiye da shekara 20.

Kuka ba rashin bangaskiya ba ne, Yesu ma ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Ki karanta Zabura 88, ki amayar wa Allah abin da ke ranki. Ki kai yaron asibiti, ki kuma sanar da fastonku da zumuntar mata halin da kike ciki tun wannan makon.