Darasi: Suhba ta gari ga ɗan'uwan da ke son rabuwa da giya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai ɗan'uwa da ke zama a sahun wazifa, amma idan dare ya yi kwalba ta rinjaye shi. Ya tuba ya koma, ya sake tuba ya sake komawa, har kunya ta fara nisanta shi da zawiya. Wannan darasi dominsa ne, da muƙaddamin da zai zo wa da kukansa.

Haramcin giya bai sauka a rana guda ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka yanke hukunci. Wannan tarbiyya ce daki-daki, kuma cikin jama'a aka yi ta. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda sha. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Haka a hadisin wanda ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya umarce shi ya bar garinsu ya koma wurin mutanen kirki. Shehunan tariƙa sun gina tarbiyyarsu a kan wannan: tuba tana son sabuwar suhba.

Taron ƴan'uwan jarrabawa wani reshe ne na wannan suhba. Mutanen da giya ta taɓa cinye wa lafiya da dukiya da iyali ne ke zama tare, kowa ya faɗi yadda ya wuni, na gaba ya riƙe hannun na baya. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta fara a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa zantawa da juna tana tsare su daga sha. Tsarinta matakai 12 ne, ba a biyan kuɗin shiga, ba a fitar da sunan kowa. A 1989 wasu musulmi a Baltimore suka kafa Millati Islami, suka daidaita matakan da Alƙur'ani da Sunna.

Mai nema ya bi wannan jeri. Na farko, likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya daina kwatsam, rawar jiki da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya na iya biyo baya, kuma bayan kwana 2 ko 3 ruɗewar hankali mai iya kisa. Saboda haka ya fara da gidan likita na CSI mafi kusa, ko babban asibitin jiharsa; babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A can ya tambaya ko sun san wasu masu murmurewa da ke haɗuwa.

Na biyu, ya keɓe da muƙaddaminsa ko wani dattijo mai riƙe amana. Na uku, mai wayar da ke shiga intanet zai samu tarukan da ake yi da Faransanci ko Larabci ko Turanci, ya saurara ba tare da ya nuna fuskarsa ba. Na huɗu, idan garin babu taro, mutum biyu ko uku sun isa su fara. Muƙaddami ya ba su zaure, su tsayar da rana a mako, su zaɓi lokacin da sha'awar ta fi tasowa, galibi bayan Isha'i, lokacin da tsohuwar fada ke kira.

Wani zai ce: ai an hana bayyana zunubi. Gaskiya ne, amma abin da aka hana shi ne fallasa kai da alfahari da saɓo bayan Allah ya suturta bawa. Mai gaya wa likita ciwonsa magani yake nema. Sharaɗin dai maganar ta mutu a zauren.

Ana gane taro na ƙwarai da alamu: ba a tatsar kuɗi, ba duka, ba ɗaure mutum da mari, ba gori, ba a hana shan maganin likita, kuma wanda ya zame ya dawo ana matsa masa wuri a tabarma. Inda aka rasa waɗannan, a nemi wani.

Taron ba ya maye gurbin salla da wuridi. Istigfari yana wanke zuciya, likita yana kula da jiki, ƴan'uwa suna tsare sa'ar rauni. Wanda ya faɗi jiya ya yi wanka ya zo wazifar yau, domin Shaiɗan ya fi son ya same shi shi kaɗai.

Allah ya karɓi tuban masu tuba, ya suturta ƴan'uwa, ya tabbatar da dugadugansu, albarkar Shugaba (SAW). Amin.