Darasin Mako: In Daraktocin Kamfani Sun Saɓa, Yaya Za A Yi?

Da yawanmu a nan Legas mun haɗa jari mun yi rajistar kamfani a hukumar CAC, wasu na safarar shanu, wasu na albasa da tumatir a Mile 12. To, harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle daraktoci biyar masu kuɗi a asusu ɗaya. Saɓanin ba shi ke rusa kamfani ba. Abin da ke rusa shi shi ne a bar teburin taro a koma ƙorafi a bayan ido, har banki ya ga sa hannu ya rabu biyu ya tsayar da fitar kuɗi, kaya na ruɓewa a mota.

Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta shimfiɗa hanya, sai dai in takardar dokokin kamfaninku ta tsara wani abu daban.

Na farko, kiran taro. Kowane darakta yana da haƙƙin a sanar da shi a rubuce kwana 14 kafin zama. In aka ƙi sanar da Alhaji wane don an san zai ja, abin da aka yanke bai inganta ba.

Na biyu, yanke magana. Kowa ya faɗi hujjarsa, sannan a ƙirga hannu. Rinjaye ake bi, in an yi kunnen doki shugaban taro ya raba gardama. Girman shekaru ko na jari ba ya ba darakta ƙuri'a biyu a wannan zama.

Na uku, mai ruwa da tsaki ya bayyana kansa. In motar ƙaninka za a ɗauka haya, doka ta ce ka faɗa wa sauran. Mutunci kuma ya ce ka fita su yanke.

Na huɗu, rubutu. Sakatare ya rubuta abin da aka yanke da wanda bai yarda ba, shugaba ya sa hannu. "Ai cewa muka yi" ba hujja ba ce.

In abin ya ƙi, kar a ruga ofishin 'yan sanda, rigimar daraktoci ba aikinsu ba ne. A samo dattijo da kowane ɓangare ya yarda da shi, wanda ba shi da ko kobo a kamfanin. In ya gagara, akwai cibiyar sulhu ta Lagos Multi-Door Courthouse da aka buɗe a 2002. Cire darakta kuwa aikin masu hannun jari ne a babban taro, bayan an ji ta bakinsa. Babbar Kotun Tarayya ita ce matakin ƙarshe, kuma kun san ta da cin lokaci da kuɗin lauya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan makon kowa ya nemo takardar dokokin kamfaninsu, a karanta tare tun ana shiri. Allah Ya haɗa kanmu, Ya sa albarka a kasuwa.