Aikin da ya riga Rosa Parks hawa bas

'Ya'yana, kusan duk wanda ya leƙa tarihin baƙaƙen fatar Amurka ya san sunan Rosa Parks, matar da ta ƙi tashi daga kujerar bas a birnin Montgomery na jihar Alabama ranar 1 ga Disamba, 1955. Yadda aka fi ba da labarin shi ne, wai wata mai ɗinki ce ta taso daga aiki a gajiye, ta kasa miƙewa, shi ke nan ƙasa ta girgiza. Ku ba ni aron hankalinku mu sake bin labarin a tsanake, domin abin da ake tsallakewa a cikinsa shi ya fi amfanar mai shekarunku.

An haramta bauta a Amurka a 1865, amma jihohin kudu suka sake ɗaure baƙar fata da dokokin wariya, Kotun Ƙoli kuma ta ɗaure musu gindi a 1896. A bas ɗin Montgomery, kujerun gaba na fararen fata ne. Sau da yawa baƙar fata kan biya kuɗi ta ƙofar gaba, ya sauka, ya zagaya ta ƙofar baya, wani lokaci direba ya ja mota ya bar shi tsaye. Alhali kashi uku cikin huɗu na fasinjojin baƙaƙe ne.

Ranar da aka kama ta, Rosa Parks tana da shekara 42, kuma tun 1943 take sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata. Shekara goma sha biyu tana zama da waɗanda aka daka, da matan da aka ci wa zarafi, da waɗanda aka hana rajistar zaɓe, tana rubuta abin da ya same su. Mutanen gari sun san ta da natsuwa da riƙon amana. Shi ya sa da aka ji ita ce a hannun 'yan sanda, ba wanda ya tsaya tambayar ko laifinta ne.

Ba ita kaɗai ta shirya ba. Jo Ann Robinson, malama a kwalejin jihar kuma shugabar wata ƙungiyar mata, tun a watan Mayun 1954 ta rubuta wa magajin gari cewa mutane na iya daina hawa bas. A daren da aka yi kamun, ita da ɗalibanta suka kwana suna buga dubban takardun kiran jama'a su ƙaurace wa bas, gari na wayewa aka bi makarantu da shaguna ana rabawa. E. D. Nixon, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya je belinta, shi ya yi ta kiran fastoci a waya har aka taru. Bayan 'yan kwanaki aka ɗora wa wani matashin fasto ɗan shekara 26, Martin Luther King, jagoranci. Akwai kuma yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, wadda ta ƙi tashi daga kujera tun watan Maris na shekarar. A ganina tarihi ya rage mata haƙƙinta, tunda tana cikin mata huɗun da ƙararsu ta rushe dokar wariya a bas a kotu.

To, ku da kuke shiga ƙungiyoyin ɗalibai da na unguwa, kada ku raina kujerar sakatare ko ta ma'aji. Ku rubuta sunan wanda aka zalunta, da rana, da wuri, da shaida. Ku riƙe 'yan kuɗin karo-karo da gaskiya, ko ba mai dubawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙauracewa bas ta fara ranar 5 ga Disamba, ta ɗauki kwana 381. Nan nake so ku daɗe kuna tunani, domin fushin yini ɗaya kowa na iya yi. Direbobin tasi baƙaƙe suka rage kuɗinsu ya koma daidai da na bas, hukuma ta yi musu barazana. Sai aka haɗa motocin masu hali, kusan 300, da wuraren jira da lokutan tashi. Aka soke musu inshora, suka nemo wata. Masu aikatau a gidajen Turawa suka riƙa takawa da ƙafa safe da yamma, cikin sanyi da ruwa. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta tara mata suna girki suna sayarwa, ta riƙa kai kuɗin wurin taro don sayen man mota, ba ta faɗin sunan kowa don kada a kore su daga aiki.

Ranar 30 ga Janairu, 1956, aka jefa bam gidan King, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Allah ya kiyaye su. Jama'a suka cika ƙofar gidan, wasu da makamai, ya fito ya roƙe su su koma gida. Zuciyarsa ba dutse ba ce, amma ya san harsashi ɗaya daga ɓangarensu zai ba hukuma hujjar da take nema. In ranku ya ɓaci a kan gaskiya, 'ya'yana, ku fara tambayar wa zai ci ribar abin da hannunku ke shirin yi.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin wariya a bas ranar 13 ga Nuwamba, 1956, mutane suka koma hawa ranar 21 ga Disamba, kowa ya zauna inda ya ga dama.

Saura abu ɗaya da nake roƙonku: idan wani ya tsaya a gaba dominku, ku bi sawunsa bayan taro ya watse, ku ga me yake ci. Rosa Parks ta rasa aikinta na ɗinki a kanti tun ana tsakiyar gwagwarmayar, mijinta Raymond, mai aski, shi ma ya bar nasa. Barazanar kisa da rashin aiki suka sa suka yi ƙaura zuwa Detroit a 1957, inda suka sha fama da bashi da rashin lafiya. Sai a 1965 ta samu tsayayyen aiki, a ofishin ɗan majalisa John Conyers.